Abin da Dalma Ta Riƙe

Wuta na kan azurfar lokacin da Hammawa ya ga ɗigon farko. Baƙin tabo ne kamar kan allura, can kusa da tsakiya. Kafin ya janye bakin gas ɗin tabon ya buɗe, wani ya tsiro a gefensa, wani a ƙasa, azurfar tana zubewa ciki kamar gishirin da aka yayyafa wa ruwa. Ya murɗe wutar, ya ɗauki abin da hantsaki ya tsoma a kwanon ruwa. Ya yi cuu, sannan rumfar ta yi tsit.

Bai yi saurin tsamo shi ba. Wanda ya buɗe ido a maƙera ba sai an gaya masa abin da ya faru ba. Dalma ce ta ci.

Ga ta nan a gefen ƙafarsa, curi guda kamar burodin mai shayi, jikinta duk ramuka. Babu maƙerin farin da ba shi da irinta, domin ba a mayar da azurfa ƙoƙo a kan uwar maƙera. Ƙarfe ba ya ja da baya, sai dai ya murƙushe zane ya tsaga aiki. Dole a sami abin da zai lotsa ya karɓi bugu: kututturen itace, ko jakar fata cike da yashi, ko dalma, wadda ta fi su duka biyayya. Sai dai tana da sharaɗi ɗaya, kuma tun Hammawa bai iya riƙe guduma ba babansa ya dasa masa shi a ka. A sa ƙyallen fata tsakaninta da azurfa. In kuwa har sun haɗa jiki, to a kankare a wanke kafin a nuna wa aikin wuta, domin ƙwayar dalma ɗaya da ta maƙale, in ta ji zafi, sai ta huda azurfa.

Fatar tana nan, ba ɓata ta yi ba. Tana ƙarƙashin kofin shayinsa, inda ya shimfiɗa ta da safe don kada zafin kofin ya ɓata masa fentin akwati.

Ya tsamo abin ya ɗaga shi. Hasken hantsi ya ratso ta hujojin ya sauka a tafin hannunsa.

Da na wata ne daga cikin matan da ke kawo masa gyara, da da sauƙi. Abin wuyan Ya Kaka ne, surukarsa, mahaifiyar matarsa Hadizatu. Ɗan ƙoƙon azurfa ne marar kauri, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, da zanen ƙayar kifi a gefe. Tun da ya shiga gidan nan na Bolewa neman aure bai taɓa ganin wuyanta ba shi ba. Jiya igiyar ta sarƙe da ƙusar ƙofa, ɗan zoben da ake zira ta ya ɓalle. Da safe Hadizatu ta miƙo masa shi a ƙulle cikin hankici, ta ce zoben kawai za a liƙa, kuma lallai ya kai musu tasha kafin azahar, don motar Kano za su bi. Gobe za a yi wa Ya Kaka aikin yanar ido, ta kuwa ce ba inda za ta da wuya tsirara.

Zoben kawai. Ya ji da kunnensa.

To amma da ya kwance hankicin sai ya ga wasu 'yan lotsawa biyu gefe da gefe a saman ƙoƙon. Maƙeri ba ya ganin lotsawa ya wuce, kamar yadda wanzami ba ya ganin suma hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba. Ya ce a ransa bari ya yi wa tsohuwa abin kirki, in an buɗe mata ido ta ga abinta sumul. Shayin na da zafi, ga wata mata tsaye a bakin rumfa tana mita a kan ɗan kunnenta, ya ce bugu biyu ne, in ya gama ya kankare. Ya kifa ƙoƙon a kan dalma, ya tura lotsawar ta ciki har ta shafe. Matar ta ja shi da surutu. Da ta tafi ya kunna gas.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Hadizatu ce.

"Baban Ummi, ka gama? Tun ɗazu Ya Kaka ke tambaya."

Ya ce yana kai.

"To, dama akwai abin da ban ƙarasa maka ba da safe. Za ka ga wasu 'yan lotsawa biyu a jikinsa. Don Allah kada ka taɓa su, na san halinka."

"Na mene ne?"

Ya ji ta ja ƙofa ta fita tsakar gida, ta rage murya. Ta ce sawun haƙoran marigayi Yaya Abdulsalam ne. Lokacin da haƙoransa biyu na farko suka fito, yana kan cinya yana shan nono, ya kamo abin wuyan ya gartsa masa cizo. Ita kanta ba ta sani ba sai bara, da gwaggonsu ta Nangere ta faɗa mata.

"Ka san ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa jin ta kama ba. Ranar da aka kawo gawarsa daga kasuwar shanu, shekarar tashin hankalin nan, gida ya cika da kuka, ita tana gefe tana tankaɗe. Har aka yi ta gulmar taurin zuciyarta. Amma ka lura da babban yatsanta in tana zaune."

Ya lura. Ya sha ganin yatsan yana kai da komo a kan ƙoƙon, ya ɗauka irin ɗabi'ar tsofaffi ce, kamar jan carbi. Tun da yanar ta rufe mata ido hoto ya daina yi mata amfani. Abin da ya rage mata na ɗanta shi ne abin da yatsa zai iya taɓawa.

"Kana jina?"

"Ina ji," in ji shi. "To."

Ya kashe wayar.

Yana zaune haka Maigandi ya leƙo, basilla a maƙale a bayan kunne. Baduku ne, rumfarsa na jingine da ta Hammawa, ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma yana tinƙaho da cewa kakansa Babarbare ne, don haka duk Bafillacen da ke layin bawansa ne.

"Kai ɗan Fulani, yau kuma nonon ne ya tsinke? Na ji gudumarka ta mutu."

Hammawa ya buɗe masa hannu. Maigandi ya karɓa, ya kanne ido ɗaya ya leƙa ta hujin, ya tambayi inda fatar akuyar da ya yanko masa take. Hammawa ya nuna kofin shayi da haɓa. Da ya ji na wace ce, ya kuma ji labarin haƙoran, sai wasan ya bar fuskarsa. Ya jawo kujera ya zauna, ya zare basillar yana juya ta.

Ya tambaya ko ba ya cikuwa. Hammawa ya ce inda dalma ta ci ya riga ya ruɓe, ko an cike wani wurin zai buɗe, kuma ko da ya ciku, haƙoran fa? Shi da hannunsa ya shafe su tun kafin wuta.

Sai Maigandi ya faɗi abin da Hammawa ke gudun ya faɗa wa kansa. Yana da azurfa, yana da hannu, kuma azahar da saura. Ya ƙera wani. Tsohuwa ba ta gani, kafin a buɗe mata ido ta saba da sabon. Ya tuna masa abin da shi Hammawan ya gaya masa da bakinsa, cewa likita ya ce in jininta ya hau ba za a taɓa idon ba.

"Gaskiyar da za ta hana tsohuwa ganin jikokinta, ka ajiye ta sai bayan salla," in ji shi. "Ba ruɓewa za ta yi ba."

"Suruka ce, Maigandi. Ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba. Yau in fara da yi mata ƙarya?"

"To ka fara da kashe mata ɗa karo na biyu. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙi."

Hammawa ya jawo akwatin kayan aiki.

Bai taɓa aiki da sauri irin na ranar ba, kuma bai taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya ɗauko fallen azurfar da ya daddale don aikin wata amarya, ya aza tsohon ƙoƙon ya zana da'ira, ya yanke, ya bi bakin da magagari. Ya zare fatar daga ƙarƙashin kofin, ya karkaɗe ta, ya shimfiɗa a kan dalma. Yanzu da ba ta da wani amfani ga Ya Kaka, sai ga shi yana lallaɓa ta kamar zanen amarya. Ya fara bugu daga gefe yana zagayowa ciki, da 'yar taɓaryar itacen kanya, azurfar tana nutsewa a hankali har ta yi ciki. Ya mayar da ita kan jakar yashi ya fitar da zanen ƙayar kifi, yana ƙirga da ido daga na ainihin. Ya liƙa zobe. Ya tsoma a ruwan tsami ya ɗauraye.

Sai aka zo kan haƙora, a nan hannunsa ya tsaya.

Ya rufe ido yana neman kamanninsu. Ya gan su da safe, amma gani irin na maƙeri, wanda ya ga aibi yana neman hanyar kawar da shi. Nawa ne tazararsu? A miƙe suke ko a karkace? Ya juya tsohon ƙoƙon ciki da waje, babu ko alama, ya yi aikinsa da kyau. Maigandi ya ce ya buga biyu kawai ya huta, haƙorin jariri ai duk ɗaya ne. Hammawa ya ce ga wanda bai haifa ba.

Ya kai hannu zai ture dalmar gefe, sai idonsa ya faɗa kan kusurwarta.

Kwanan baya ya narkar da ita ya sake zubawa, saboda haka gefe ɗaya na fuskarta sabo ne, bai sha bugu ba. A nan ya fara kifa ƙoƙon da safe. Ya yi masa bugu ɗaya da faffaɗan kan taɓarya, ya ga wurin ba zurfi, ya matsar da shi zuwa tsohon rami. Bugun nan ɗaya ya bar gurbi mai sheƙi. A tsakiyar gurbin kuwa ga wasu 'yan tudu biyu sun taso gefe da gefe, ɗaya a miƙe, ɗaya ya ɗan jingina da ɗan uwansa.

Abin da ya lotsa a azurfa, a dalma tasowa ya yi.

Ya ɗora ɗan yatsa a kai. Ya san Abdulsalam, doguwar gaisuwa ce tsakaninsu, mutum mai faɗin kafaɗa da ke ɗaukar ɗan maraƙi ya jefa a mota. Shi ne ya karɓi sadakin Hadizatu. Yau ga shi yana taɓa bakinsa tun yana jariri.

"Ka ga Allah ya kawo maka ma'auni," in ji Maigandi.

Ya auna da tsinken tsintsiya. Ya sami ƙusa ya goge bakinta ta yi faɗin haƙorin jariri, ya cusa fata a cikin sabon ƙoƙon, ya dasa shi a jakar yashi. Bugu ɗaya. Ya karkata ƙusar kaɗan. Bugu na biyu. A rayuwarsa ya yi ƙarya da baki kamar kowa, ya ce wa mata aikinsu na kan wuta alhali bai taɓa ba, amma bai taɓa yin ta da guduma ba sai yau. Ya shafa wa ƙoƙon farar wuta ya yi duhu, ya murje da toka da tsumma har ya yi kama da abin da ya daɗe a wuya. Da ya jera su biyun, Maigandi ya ce ko uwar da ta haifi azurfar ba za ta bambance ba.

"Saura ka baje wancan gurbin," ya ce yana nuna dalmar. "Ɓarawon kirki ba ya barin sawu."

Hammawa ya ɗaga guduma. Bugu ɗaya ya isa, dalma ba ta gardama. Ya tsaya da ita a sama, sannan ya ajiye, ya ɗauko zarto. Maigandi na cewa zai lalata curi guda saboda shirme, shi kuwa yana ta yanka, har kusurwar ta faɗo, 'yar guntuwa kamar akwatin ashana. Ya naɗe ta da fatar akuyar ya sa a aljihun hagu tare da tsohon ƙoƙon. Sabon ya ƙulle a hankicin Hadizatu ya sa a na dama. Bai san abin da zai yi da na hagun ba. Ya dai san ba zai iya barinsu a rumfa ba.

Ya tari keke a bakin kasuwa ana kiran salla. Ranar kasuwar shanu ce, tireloli sun toshe hanya, ƙahoni na leƙowa ta saman katako, yaran mota na zaune a kai suna kaɗa ƙafa. Mai keken ya kutsa ta lungun Dogo Tebo yana ta zagin direbobin tirela da iyayen gidansu. Hadizatu ta kira, ta sake kira. Duk ramin da keken ya faɗa sai guntuwar dalmar ta daki cinyarsa. Ya ce a ransa zai ba da sabon, ya yi musu addu'a, ya juyo. In an yi aiki lafiya, in ta huta, wata rana zai aika Hadizatu ta faɗa mata. Ya maimaita wa kansa wannan har ya kusa yarda.

A tasha motar ta cika, saura direba ya gama musu da ɗan kamasho a kan wani buhun wake. Hadizatu na tsaye a bakin ƙofa tana leƙen hanya. Da ta hango shi ta saki ajiyar zuciya, ta ce ta ɗauka sai sun kai Azare zai biyo su da shi a ƙafa.

Ya Kaka na zaune a kujerar tsakiya ta bakin ƙofa, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin lafaya ruwan toka, idanunta fari-fari suna kallon inda ba kowa. Hannunta na dama na kan ƙirjinta, yatsun suna lalube a inda ba komai. Hammawa ya tuɓe takalmansa a kan ƙasar tashar, duk da baƙin man da ya jiƙa ta, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ya gaishe ta. Ta amsa da Hausarta mai gardin Bolanci, fuskarta a kauce, kamar yadda suka saba tun ranar farko. Ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba in da wanda za a aika.

Ya miƙa wa Hadizatu hankicin. Ta kwance, ta duba, ta ga haƙoran suna nan, ta yi masa murmushin godiya wanda ya gwammace mari a kansa. Ta zira igiya ta ɗaura wa uwarta.

Daga inda yake durƙushe, hannun tsohuwar kawai yake iya kallo ba tare da rashin kunya ba. Ya ga yatsun sun kama ƙoƙon. Ya ga babban yatsan ya tafi wurinsa kai tsaye, kamar akuyar da ta san gida. Ya sauka. Ya yi gaba, ya dawo. Ya tsaya.

Sai yatsan ya ɗaga.

Hannun ya sauko a hankali ya kwanta a kan gwiwa.

"Ce masa ya gyaru," in ji Ya Kaka. "Allah ya yi albarka."

Hadizatu ta juyo ta maimaita masa, tana dariya, ta ce yau dai maƙeri ya ci kyautar addu'a. Direba ya buga murfin but, ya ce kowa ya shiga. Shi ke nan, ya tsira. Abin da ya rage ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya sa takalmansa.

Amma idonsa ya ƙi barin hannun nan. Bai koma ƙirji ba. Yana kan gwiwa, babban yatsan yana murza lafayar, yana murzawa, yana neman abin da babu. Ya auna tazara da tsinke, ya karkata ƙusa daidai, ya manta abu ɗaya: yatsan da ya yi shekaru yana bin wuri ɗaya ya cinye masa kaifi. Nasa haƙoran sababbi ne. Ta sani tun saukar farko, ta kuma haɗiye, domin suruka ba ta kunyata mijin 'yarta a tsakiyar tasha, kuma uwa ba ta tambayar abin ɗan fari a gaban mutane. Haka za ta tafi Kano, haka za ta kwanta a gaban likita, hannu wayam, ba ta ce wa kowa komai ba, kamar ranar da take tankaɗe.

"Direba, ɗan dakata," in ji shi.

Ya matso da gwiwoyinsa har bakin ƙofar. Bai bi ta kan Hadizatu ba.

"Ya Kaka, wannan ba naki ba ne. Ni na ƙera shi ɗazu. Naki na ɓata shi da hannuna. An ce mini zobe kawai, na yi karambani."

Dariyar Hadizatu ta ɗauke. Wani fasinja a baya ya ce malam a bari sai an dawo mana, rana na yi.

Hammawa ya ciro tsohon ƙoƙon ya ɗora mata a cinya. Ta laluba shi, yatsanta ya bi inda haƙoran suke a da, ya sami sumul, ya faɗa huji. Sai ya warware fatar, ya ɗauko guntuwar dalmar, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sa ta a tafin hannun surukarsa da nasa hannun.

"A kan wannan na fara kifa shi, kafin in ɓata. Ita ta riƙe."

Nauyin abin ya ja hannunta ƙasa. Ta juya shi, ta sami gurbin, babban yatsan ya zame ciki. Hammawa ya ga lokacin da ya ci karo da 'yan tudun. Ya tsaya cak. Ya hau na farko, ya sauka, ya hau na biyun da ya jingina. Gefensu a lallaɓe yake, yadda ita da kanta ta lallaɓa shi. Tun yaron na goye ramin da haƙoran suka bari take shafawa. Yau su ne suka taso suka tare ta.

Leɓunanta suka motsa. Muryar ba ta fi numfashi ba, amma daga shi har Hadizatu sun ji.

"Abdulsalam."

Hadizatu ta toshe baki da gefen mayafi.

Tsohuwar ta kai hannu bayan wuya ta kwance igiyar da kanta. Ta zare sabon ƙoƙon ta miƙa shi cikin iska, Hammawa ya tara hannu biyu ya karɓa. Ta nemi fatar, ta naɗe dalmar da hujajjen ƙoƙonta tare, ta ƙulle a haɓar lafaya, ta riƙe ƙullin a dunƙule.

Ya ci gaba da durƙuso, kansa a ƙasa, yana jiran kalma ɗaya. Ko ta yafiya, ko ta faɗa, duk wadda ta zo zai ɗauka. Hadizatu ta raɓa ta gefensa ta shiga motar, ba ta dube shi ba.

"Ce wa direba mu je," in ji Ya Kaka. "Rana na yi."

Aka ja ƙofa. Motar ta fita daga tashar ta bi bayan wata tirelar shanu, har ta sha kwana.

Ya daɗe kafin ya tuna da takalmansa. Bai tari keke ba, da ƙafa ya koma kasuwa, ƙoƙon na dunƙule a hannunsa, haƙoran da ya ƙera suna cizon tafinsa. Maigandi ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskarsa, ya fasa.

Hammawa ya zauna, ya jawo dalmar mai guntulalliyar kusurwa, ya ɗauko 'yar taɓarya. Ya kifa ƙoƙon zai shafe haƙoran, sai ya tsaya, ya ɗaga shi.

"Maigandi," ya ce ta jikin bango. "Yanko mini fata."